Ƙwaya Takwas Kowace Safiya

A Tsiga, idan aka ce maka rago na Mati ne, ba sai ka tsaya lalube ba, ka ja abinka kawai. Shekara ashirin da wani abu ke nan yana turke raguna da zarar an kammala aikin gona. Ya ba su dusa, ya ba su harawa da angurya da ɗan kanwa, har Babbar Salla ta matso ya kai su kara, kasuwar dabbobi. Bai yi wani arziki da sana'ar ba, amma ya yi suna, kuma sunan nan ya ɗauke shi da zafi fiye da kima. Taurin kansa irin na mutumin da aka daɗe ana ce wa ya yi gaskiya ne. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba, don yawanci gaskiyar yake da ita.

Abu ɗaya ne in aka taɓo sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, wato ƙwayar ƙiba. Wasu 'yan ƙananan farare ne da maha'intan masu kiwo ke narkawa a ruwan dusa idan Salla ta rage wata guda. Rago ya yi ta ci ba ji ba gani, ya cika ya batse, mai saye ya gani ya washe baki. Mati kuwa ko daga nesa ya hango irin wannan rago sai ya kau da kai ya yi tsaki. Ya sha ɓatawa da dillalai a kan haka, har akwai waɗanda ba ya gaisawa da su.

'Yarsa ɗaya ce, Raudatu, mai shekara shida. Sai da suka shekara tara da aure shi da Hajo kafin Allah ya kawo ta, don haka kunyar 'yar fari da ake ta faɗi ba ta samu wurin zama a gidan ba. Hajo dai tana ƙoƙari, ba ta kiran sunan, sai ta ce "'yar nan". Shi kuwa gogan a gaban kowa yake ƙwala mata kira, ya saɓa ta a kafaɗa ya zaga da ita turke yana gaya mata sunan kowane rago. Inna, mahaifiyarsa, da take zaune tare da su, ta gaji da yi masa tsiya ta bari. Raudatu kuma a wurinta magana in ba daga bakin Babanta ta fito ba, to ba ta zauna ba tukuna. Ko malamin makarantarsu ya faɗi abu, sai ta zo gida ta tambaya ko haka ne.

Cikin bazara abin ya faro. Yarinya ta riƙa tashi da safe idanunta a kumbure, Inna ta ce yawan barci ne. Kafin azahar kumburin ya saɓe, kowa ya manta. Bayan mako guda silifa ta ƙi shiga ƙafarta, rigar makaranta ta matse ta a ciki. Matan maƙwabta suka shiga yaba wa Hajo, wai masha Allahu 'yar nan ta murje, me ake ba ta? Hajo tana murmushi amma hankalinta bai kwanta ba, domin ita ke zubar da fo, kuma ta lura fitsarin ya ragu, ga kumfa a kai kamar an kaɗa sabulu.

Ranar da ta gaya wa Mati, sai ya kira yarinyar. Ya zaunar da Raudatu a kan turmi, ya durƙusa, ya sa babban yatsansa a ƙwaurinta ya danna. Da ya ɗaga, gurbin yatsan ya zauna a wurin bai taso ba.

Ya ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, Hajo. Ruwa ne. Ɗauko mayafinki."

A wani asibiti a Funtuwa aka ba su gado. Likitar yara, wata siririyar mata mai tabarau da ake kira Likita Mansura, ta sa aka auna fitsari da jini, sannan ta kira su biyun ofishinta. Ba ta da gaggawar magana.

Ta ce, "Malam Mati, ƙoda rariya ce. Jini na bi ta cikinta, ta zubar da datti cikin fitsari, ta riƙe abin da ke gina jiki. Rariyar ɗiyarka ta huje. Abin kirkin na tsiyayewa cikin fitsari, shi ne kumfar da kuke gani. Shi kuma ke riƙe ruwa a cikin jini, da ya yi ƙaranci sai ruwan ya fantsama cikin jiki."

"Mi ya huda ta? Wani abu ta ci?"

"Ba abin da ta ci. Kowane mutum akwai masu gadi a jikinsa, su muke ce wa garkuwar jiki. Aikinsu yaƙi da cuta. Nata sun rikice, sun juyo kan ƙodarta. Kamar dai 'yan sintirin unguwa su kama ɗan gari su yi ta duka a zaton ɓarawo ne."

Mati ya gyaɗa kai, don ya taɓa ganin an yi haka. Ya ce, "To su mi ya rikita su?"

Ta ce, "Gaskiya mu ma ba mu gama ganowa ba. Abin da muka sani shi ne yadda ake kwantar da su, rariyar ta samu ta warke."

Wannan amsa ta yi wa Mati daɗi. Yana ganin girman mutumin da zai ce bai sani ba. Ya fito yana gaya wa Hajo cewa wannan likita ta san aikinta.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Hajo ce ke jinya, shi kuma kullum yana bisa hanya, ya ba raguna abinci da sassafe, ya hau mota zuwa Funtuwa, ya koma kafin magariba. Wajen kwana na takwas Raudatu ta fara fitsari babu ƙaƙƙautawa, kumburin ya yi ta zazzagewa har ƙashin ƙafarta ya fito. Ranar da aka sallame su Mati yana waje neman mota, don haka Hajo ce kaɗai ta ji dogon bayanin likita. Abin da ya iso kunnensa a cikin mota guntu ne: ba gishiri, ba dunƙulen miya, magani kowace safiya bayan kari, kuma kada a kuskura a fasa ko na kwana ɗaya. Maganin a ƙulle yake cikin 'yar farar takarda, Hajo ta cusa a jaka.

Gida ya koma daidai. Hajo na ɗora wa Raudatu tukunyarta daban, miya salam ba gishiri, amma yarinya ta lashe kwano ta nemi ƙari. Wadda a da sai an bi ta da lallashi kafin ta ci loma uku, yanzu tun kafin a sauke tana tsaye a bakin murhu. Ta ci nata, ta ci ragowar Inna, ta koma ta tsaya tana kallon kwanon Babanta. Kumatunta suka cika suka yi tumbur, wuyanta ya yi kauri, ga saurin fushi da ba a san ta da shi ba. Mati ya kan kira ta ya danna ƙwaurinta, ya ga babu gurbi, ya yi hamdala. Duk da haka akwai abin da ke sosa masa rai game da wannan ci da wannan cika. Ya san ya taɓa ganin irinsa, ya dai ƙi bari zuciyarsa ta gaya masa inda ya gani.

A mako na biyar maganin da aka ba su ya kusa ƙarewa. Da ma likita ta rubuta takardar da za a sayo cikon, sai Mati ya haɗa da ranar da zai shiga Funtuwa sayen angurya. Ya miƙa wa mai kemis takarda. Mai kemis ya juya, ya zaro katunan magani ya ajiye a gabansa.

Mati bai yi boko ba, amma wannan kati ko cikin barci aka nuna masa zai gane shi. Ya sha ganin irinsa a yashe a bayan kara.

Ya ce, "Malam, ka duba takardar nan da kyau kuwa? Wannan ai ƙwayar ƙiba ce."

Mai kemis ya sake dubawa. Ya ce, "Ita aka rubuta. E, masu kiwo na saye, har mata ma na saye. Amma ai tunda likita ce ta rubuta, da dalilinta."

Mati ya biya ya kwashi katunan, bai tsaya jin sauran ba. Anguryar ma a can ya manta da ita.

Ya tarar da su a tsakar gida da la'asar. Inna na gyaran zogale, Hajo na wanke-wanke, Raudatu na zaune a tabarma da kwanon dafaffen wake a gabanta. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Hajo, ɗauko mani maganin yarinyar nan."

Ta ɗauko 'yar takardar. Ya zazzage a tafin hannunsa, ya ɓallo ɗaya daga katin da ya sayo ya ajiye kusa da su. Babu bambanci.

"Guda nawa kike ba ta?"

"Takwas, kamar yadda aka ce."

"Takwas a mako?"

"Kullum da safe, Malam."

Nan fa Mati ya birkice. Takwas! Ƙaton rago balami mai ƙaho biyu ma maha'inta ba sa ba shi rabin haka. Ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi a gidan ba, kuma cikin faɗan ya tono abin da ya binne shekara da shekaru. Yana saurayi, wani dillali Aƙilu ya zuga shi ya ba ragonsa na farko wannan ƙwaya. Rago ya cika ya yi kyau, kowa na sha'awa. Ana saura kwana huɗu Salla ya kama 'yar mura, murar da ko ɗan tunkiya zai yi atishawa ya warke. Kafin gari ya waye ya zama mushe, ko wuƙa ba a samu sa masa ba.

Ya ce, "Na san ta, na san aikinta! Ta hura jiki, ta cinye ƙarfinshi ta ciki. Guba ce! Mako biyar kina ɗura wa ɗiyata guba da hannunki, ki dube ta yadda ta koma!"

Hajo ta ce, "Malam, likita ta faɗi za ta ci abinci, fuskarta za ta cika. Ta ce kada mu tsorata. Ta ce in aka tsayar farat ɗaya akwai haɗari."

"Ta gaya maki, ke kuma kika haɗiye ba ki gaya mani ba?"

"Na ɗauka ba wani abu ba ne."

Inna ta ajiye faifan zogale ta ce, "Kai Mati, ba kai ka dawo kana yabon matar nan ba? Ka koma ka tambaye ta mana. Funtuwa ai ba Makka ba ce."

Ya ce, "Inna, ita a takarda ta karanta. Ni da hannuna na ja mushen zuwa bayan gari."

Ya tattara na takarda da na kati, ya nufi bayan gida ya watsa su a masai. Duk wannan abu babu wanda ya waiwayi tabarma. Raudatu ta daina cin waken tun tuni, tana zaune da cokali a hannu tana kallon Babanta.

A yi masa adalci, ba mugunta ce ta sa shi ba. Tsoro ne. Ya kalli kumatun 'yarsa ya hango ragon nan, kuma duk abin da ya faɗa game da ƙwayar ya gani da idonsa. Rabin labarin ne kawai ya sani, shi kuwa ya ɗauka ya san dukansa.

Kwana biyu ba a ga komai ba. Cin ya ragu, Mati ya ce wa Hajo, "Kin gani ko? Ta fara dawowa mutum."  Tun ranar Hajo ta daina doguwar magana da shi, sai gaisuwa da ajiye abinci. A kwana na huɗu Raudatu ta ƙi fita wasa, ta kwanta a ɗakin Inna ta ce jiri take ji. A na biyar ta fara amai. Ya ce dafin ne ke fita. A na shida Hajo ta kawo masa fo har turke ta ajiye a gabansa. Kumfa ce fal a kai.

Washegari da safe idanun yarinya sun kumbura har ba ta iya buɗe su sosai. Ya zo ya ɗaga ta zaune, kanta ya langaɓe a ƙirjinsa, jikinta sanyi ƙalau ga gumi. Ya kira sunanta sau uku kafin ta amsa, can ƙasa-ƙasa. Ya danna ƙwaurinta, yatsansa ya nutse.  Ko hula bai ɗauka ba ya sungume ta ya yi waje, Hajo na biye da shi da takalmi ɗaya a hannu.

A asibiti ba a tsaya tambaya ba. Da ƙyar aka samu jijiya saboda kumburi, aka sa ƙarin ruwa, aka yi allura. Mati ya wuni a tsaye a baranda. Sai bayan la'asar Hajo ta leƙo ta ce ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ya zame ya zauna a ƙasa.

Da safe Likita Mansura ta aika a kira shi. Ya shiga ya shirya jin faɗa, ya san kuma ya cancanta. Sai ta nuna masa kujera ta ce ya gaya mata abin da ya sa. Ya gaya mata duka, har da Aƙilu da ragon, bai rage komai ba.

Ta ce, "Duk abin da ka faɗa a kan maganin nan gaskiya ne."

Ya ɗago kai.

"Yana sa ci, yana cika fuska, yana raunana garkuwar jiki. Abin da ya kashe ragonka ke nan. Lafiyarsa lau aka kwantar da masu gadinsa, mura ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe. Amma ita ɗiyarka masu gadin ne ke cin ta. Wannan raunin da kake tsoro, shi muke nema da gangan, na ɗan lokaci, da awo. Ba mu da wata hanya da ta fi ta."

"To mi ya kayar da ita haka? Ai cikin mako ɗaya ne."

"Jikin mutum da kansa yana yin irin sinadarin da ke cikin ƙwayar, kaɗan-kaɗan, kuma ba a rayuwa sai da shi. In aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya daina yin nasa. Shi ya sa ake janyewa a hankali, a rage, a rage, har jiki ya farka ya ci gaba. Kai ka yanke farat ɗaya, ta rasa na waje ta rasa na ciki. Da kun ƙara kwana guda, ban san abin da zan gaya maka yau ba."

Mati ya sunkuyar da kai. Ta ba shi lokaci, sannan ta ci gaba. Za a sake farawa daga farko, wata uku ko fiye. Fuskar za ta sake cika, daga baya ta saɓe. Kada ta kusanci yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma ranar da ta yi zazzaɓi a ranar za a kawo ta. Ciwon kan dawo, wani sau ɗaya, wani sau da yawa. Amma tunda jikinta ya karɓi maganin a karon farko, tana cikin waɗanda ake sa ran za su rabu da shi in sun girma, ƙodarsu lafiya.

Ta ce, "Ni ma na yi sake. Bayanin nan da kai ya kamata a yi shi tun farko. Yanzu dai ka ji. Ka yarda a ba ta?"

Ya ce, "Na yarda, Likita. A ba ta."

Ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe akwai wadda ba a tambaya ba.

Kashegari aka cire allura aka kawo ƙwayoyi. Raudatu ta kalle su a tafin hannun nas, ta datse haƙoranta ta juya wa bango fuska. Nas ta yi lallashi, ta yi alkawarin alewa, ta yi barazanar allura, yarinya ta miƙa hannu ta ce a yi allurar. Hajo ta daka su ta zuba a kunu. Kurɓa ɗaya ta ji ɗacin ta tofar, kuma daga nan ta daina karɓar komai daga hannun uwarta, ko ruwa ne. Aka danne ta mutum biyu aka ɗura, ta amayar da shi a kan zanin gado. Aka koma allura, jijiyar ta toshe, aka yi ta neman wata a hannu da ƙafa tana kuka har muryarta ta dishe. Mati na baranda yana jin komai. Kunya ta hana shi shiga, yana ganin ba shi da fuskar da zai kalli Hajo.

A rana ta biyu likita ta fito ta same shi.

Ta ce, "A nan muna iya sa mata roba ta hanci mu zuba. Amma wata uku a gida fa? Ta gaya wa nas wai guba ce. Wa ya gaya mata haka?"

Ya ce, "Ni ne."

"To ni ba ni da maganin wannan, Malam Mati."

Ta miƙa masa ɗan ƙaramin kofi da ƙwayoyin a ciki.

Ɗakin yara cike yake da mata masu jinya, kowace ta bi shi da ido. Hajo na zaune a gefen gado, ta tashi ta koma wajen ƙafa ta tsaya. Raudatu ta kumbura har fatar ƙafarta na ƙyalli, hannuwanta duk tabon allura. Da ta gan shi sai fuskarta ta saki. Ya fahimci murna take, ta ɗauka ya zo ya hana su ne.

Ta ce, "Baba, ban sha ba. Sun danne ni ma na zubar."

Maganar ta soke shi. Ya durƙusa a gaban gadon har fuskarsu ta daidaita. Ya ɗaga kofin ta gani. Murnar ta ɗauke.

Ya ce, "Rauda, Babanki ya yi kuskure. Magani ne. Shi zai warkar da ke."

"Kai ka ce guba ce."

"Na faɗa. Ban sani ba ne a lokacin."

Ta zuba masa ido. A iya rayuwarta ba ta taɓa jin akwai abin da Babanta bai sani ba, kuma da alama ba ta ga dalilin da zai sa ta fara yarda yau ba.

Ta ce, "Ragon bai mutu ba?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe, kalma ɗaya ce, kuma Hajo na kallonsa kamar tana roƙon ya faɗe ta. Ya buɗe baki ya kasa.

"Ya mutu. Amma ke ba kamar shi ba ce. Naki ciwon daban ne, likita ta yi mani bayani."

Ya so ya gaya mata zancen rariya da masu gadi, ya fara, ya ga kalmomin sun fi ƙarfin shekara shida, shi kansa shekaranjiya ya gama gane su. Ya bari. Ya zazzage ƙwayoyin a tafin hannunsa.

"Ni na ce ki sha, Rauda."

Ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa. Sannan ta buɗe baki. Ya sa mata ɗaya ya ba ta ruwa, ta runtse ido ta haɗiye. Ya sa ta biyu. Babu kuka, babu gardama, hawaye ne kawai ke gangarowa ta gefen kumburarrun idanun. Haka ya yi ta ba ta har ta haɗiye ta takwas. Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce alhamdu lillahi, nas ta sauke ajiyar zuciya, Mati ma ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya ɗauka ta gamsu.

Ta koma ta kwanta a hankali, ta miƙe ƙafafunta, ta kama bakin hannun rigarsa ta riƙe gam.

Ta ce, "Baba, in na mutu kada ka yi wa Umma faɗa. Kai ka ba ni."

Hajo ta toshe bakinta da mayafi ta juya baya. Sai a lokacin Mati ya gane yarinyar ba ta yarda da ko kalma ɗaya daga bayaninsa ba. Har yanzu guba ta ɗauke shi, ta sha ne kawai don shi ya miƙo mata. Bai taɓa jin tsoro da kunya da ƙauna sun haɗu sun danne shi lokaci guda kamar haka ba. Ya kifa goshinsa a kan ƙarfen gadon, ƙato da shi, a gaban matan mutane, ya yi kuka.

Da ya samu murya ya ce, "Ni na ba ki. Ba za ki mutu ba, in Allah ya yarda. Ina nan zaune, ki gani da idonki. Gobe ma ni zan ba ki."